Bankwana Da Kano

Tun da muka dawo daga Nijeriya a ƙarshen watan Agusta na 2025, duk wanda muka gamu da shi a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwa tambayarsa ɗaya ce, yaya kuka baro su? Mukan ce lafiya lau, suna gaisuwa, mu wuce. To, jiki kam lafiya lau muka dawo da shi, alhamdu lillahi. Amma akwai wani abu da ya tokare mana ƙirji tun a tashar mota ta Sabon Garin Kano, wanda har yanzu bai gama sauka ba, kuma ba abu ne da ake bayaninsa a tsaitsaye ba. Shi ya sa muka ga gara mu zauna mu rubuta shi a wannan fili.

Mu uku ne muka yi tafiyar, dukkanmu jikokin mutum ɗaya, biyu malaman makaranta, na ukun tela. Kowannenmu ya ba shekara arba'in baya, amma ba wanda ya taɓa taka ƙasar Hausa. Kakanmu Bakano ne. Ya zo Kumasi yana saurayi, yana bin wani ubangidansa mai fataucin goro, ya yi aure, ya hayayyafa, ya kafa rumfarsa. Ana nan sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Dokta Busia, wadda aka fitar ran 18 ga Nuwamba 1969, aka ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu, ko ya nemo ta ko ya bar ƙasar. Tsohon bai san wata takarda ba, domin sa'ad da ya shigo ba mai tambayar takarda, ƙasashen biyu duk a hannun Turawan Ingila suke. Ya sayar da abin da ya sayu, ya ɗauki amaryarsa da ƙananan yara, ya hau babbar mota. Uwargida, watau kakarmu, Badagomba ce, ta ce ita ba inda za ta, ta zauna da manyan 'ya'yanta maza, su ne iyayenmu. Autarta kuwa, yarinya 'yar shekara goma sha uku, uban ya ce ba zai bar ta ba. Wannan yarinya ita ce gwaggonmu da muka je gani, yau ta kusa shekara saba'in.

Hanyar arewa ta Burkina da Nijar ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, sai muka bi ta bakin teku: Ankara, Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas, sa'an nan motar dare zuwa Kano. Kwana uku muka yi, muna ta ƙorafin ciwon baya da yawan shingaye. A wani shinge ma sai da aka tsare mu fiye da sa'a guda a kan katin rigakafin shawara wanda ba abin da ya same shi, alhali yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ba biza har kwana 90. Amma da muka tuna fataken dā sai kunya ta kama mu. Su a ƙafa suke tasowa daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu, madugu na gaba da ayarinsa, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da ta Dagomba, sai sun yi wata biyu ko uku kafin su ga Salaga ta ƙasar Gwanja. Su ɗaure huhunan goro su juya. Waɗanda ba su juya ba su ne suka haifi zangunan da muke ciki.

Abin da ya fara kama mu a Kano harshe ne. Masu karatu sun sani, mu nan Hausa harshen zango ce. Ka fita babban titi ka koma harshen Asante, ka shiga aji ko ofis ka koma Turanci. A Kano kuwa ɗan sanda da Hausa yake tsai da mota, likita da Hausa yake tambayar mara lafiya, ma'aikaciyar banki da Hausa take cewa a bi layi, har Ibon da ke sayar da kayan mota a Sabon Gari da Hausa yake rantsuwa cewa bai ci riba ba. Mun ji yara suna faɗa a lungu da irin karin maganar da mu sai a bakin tsofaffi muke ji. Kwana biyun farko mun zama kamar ƙauyawa, muna tsayawa muna karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, don kawai daɗin ganin harshenmu a rubuce a jikin bango da manyan baƙaƙe.

Sai dai da muka buɗe namu bakin, nan take asirinmu ya tonu. 'Ya'yan gwaggo taubasanmu ne, kuma sun yi amfani da wannan dama sosai. Ɗayanmu ya ce "yarinya ya zo", gida ya ɗauki dariya. Suka ce ashe a Gana ba a bambanta mace da namiji, to yaya ake ɗaurin aure? Suka ce mu faɗi "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya" sau uku, muka faɗa da bakin zango, har wata jikar gwaggo ta faɗi ƙasa don dariya. Mu malamai mun san ƙa'idar a takarda, har muna gyara wa yara a makarantar dare, amma harshe ya riga ya saba. A unguwar kaf ba wanda ya kira mu da sunayenmu, "baƙin Hajiya 'yan Gana" ake cewa. Wani dattijo ma ya tambaye mu ko har yanzu Tonawa suna da sarkinsu mai kujerar zinariya, domin su tsofaffin can haka suke kiran Asantawa. Muka ce yana nan. A zuci kuwa muka ce ikon Allah, a gida in an so ɓata mana rai a ce mu koma Nijeriya, ga mu a Nijeriya an ce mu 'yan Gana ne.

Kwana goma sha biyu muka yi. Mun hau Dala da hantsi bayan an kwana ana ruwa, muka ga birnin ya shimfiɗu iyakar ganin ido, ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da gidan sarki. Mun shiga Kurmi, kasuwar da ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, muka ɓata cikin lungunanta har sau biyu, muka sayi littattafan fiƙihu da na ajami don makarantarmu ta allo. Mun tsaya a marinar Ƙofar Mata muka ga tsofaffi suna tsoma zane a karofi, yawancin ramukan kuwa a bushe, ba masu aiki. Telanmu shi Kantin Kwari ya tafi da hankalinsa, da ƙyar muka janye shi. A kasuwar goro ta Mariri muka tarar da mutanen da suka san garuruwanmu fiye da yadda muka san nasu, suna lissafa mana su ɗaya ɗaya kamar jiya suka baro. A can aka tuna mana cewa Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da ba kamarsa a Afirka ta Yamma, mahaifiyarsa a Ankara ta zauna, shi ma ya yi fataucin goro a ƙasar nan kafin ya kahu a Kano.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna muka je. Wuta tana ɗaukewa fiye da yadda take zama. Kwatoci sun toshe, in aka yi ruwa wasu lungunan sai ka naɗe wando. Ganuwar da muke jin labari tun muna yara ta zaizaye, wani wajen an yi gini a kanta. Tsadar abinci ta sa magidanta da yawa sun rame. Abin da ya fi ci mana rai, mu da alli ne sana'armu, shi ne yawan ƙananan almajirai da robobinsu a bakin titi a lokacin da ya kamata a ce suna gaban malami. Mun faɗa wa taubasanmu haka ba ɓoye-ɓoye, suka ce gaskiya ne, suka kuma tambaye mu labarin kwatocin Aboabo, muka yi shiru. Duk da haka garin ya shiga ranmu, yadda mutum kan so tsohuwarsa ba don ba ta da aibi ba.

Mu koma kan gwaggo, domin ita ce tushen maganar. Ranar da muka isa, da muka durƙusa muka gaishe ta da Hausa, sai ta amsa mana da harshen Asante, tsantsarsa, irin na 'yan makarantar shekarun 1960, da wasu kalmomin da mu kanmu mun daina ji. 'Ya'yanta suka saki baki, domin ba su taɓa jin ta yi dogon zance da shi ba. Ta ce, "'Ya'yana, shekara hamsin da shida ina magana da shi a cikina, ba wanda zan yi da shi." Kullum da dare bayan lisha sai ta sa a shimfiɗa mana tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yi ta tambaya. Famfon da ke bakin masallaci yana nan? Matar nan mai sayar da dokunu a kusa da gada fa? Muka ce Gwaggo, wannan ai ko jikokinta sun tsufa. Ta kwatanta mana gidan da aka haife ta ɗaki ɗaki, da bishiyar mangwaron da ke tsakar gida, da tagar da take leƙen masu zuwa kasuwa. Tsarabar da ta fi faranta mata rai cikin duk abin da muka kai ita ce kwalbar shito da kaskon niƙa yaji na ƙasa, wanda muka rungumo tun daga Kumasi don kada ya fashe.

Daren kwana na tara ta sa aka jawo mata wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani ƙyalle, ta warware, sai ga katin sakamakon jarrabawarta na makarantar midil, aji ɗaya, na shekarar 1969. An rubuta sunanta da na makaranta da tawada mai kyau, gurabun maki kuwa duk fayau, domin an tafi da ita ana saura 'yan makonni a yi jarrabawar zangon farko. Ta ce malaminsu ne ya miƙa mata shi ranar da ta je sallama, ya ce ta kai wa sabon malaminta a Nijeriya ya cike. Ba a sake sa ta makaranta ba. Shekara biyu bayan haka aka yi mata aure. Mu da muke cike irin wannan kati arba'in-arba'in kowane zango, wani lokaci muna hamma muna ƙosawa, muka riƙe wannan muka rasa abin cewa. Mahaifiyarta kuwa ba su sake ganawa ba. Labarin rasuwarta a wasiƙa ya zo, ta hannun wani direban motar goro, bayan an yi sadakar arba'in.

Kashegari babban ɗanta ya kai mu maƙabarta. Kamar yadda aka saba a can, ba suna ba alama, sai tudun ƙasa da fasassun tukwane, ga ciyawar damina ta rufe ko'ina. Ya tsaya ya duba wata bishiya, ya ƙirga taku, ya ce, "Wajen nan ne, in Allah Ya so." Muka tsaya muka yi wa kakanmu addu'a, mutumin da ba mu taɓa gani ba sai a hoto ɗaya, muka haɗa da maƙwabtansa duka tunda ba mu san wanne ne nasa ba. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ranar tafiya tun da asuba gidan ya cika. Wannan ta kawo kilishi, wannan dambun nama, wannan alkaki da dubulan, wata maƙwabciya da sau ɗaya muka gaisa ta aiko da kuka da daddawa ƙulli guda. Aka ɗura su duka cikin jakar leda mai ratsi-ratsi, wadda a can suke kira Gana-mas-go. Taubasai suka ce ga jakarku ta gado. Aka yi dariya, amma dariyar da ɗaci a ciki, domin sunan ya samo asali ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kayansu a irin wannan jaka. Kowace ƙasa cikin biyun ta taɓa nuna wa 'ya'yan ɗayar ƙofa, kuma a duka biyun irinmu ne a tsakiya.

Gwaggo ba ta rako mu ko zaure ba. Ta zauna a bakin gadonta, muka durƙusa, ta dafa kan kowannenmu ta sa albarka. Muka ce Gwaggo, sai mun sake zuwa. Ta ce, "Haka Baba ya ce wa Inna." Sa'an nan ta juya fuska bango, ta ce mu tafi kada mota ta bar mu. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. To, kwana goma sha biyu ne kacal, amma telanmu, wanda ko a jana'izar mahaifinsa ba a ga hawayensa ba, tun daga lungun har tasha hularsa na kan fuskarsa.

Wanda ya tafi ta jirgin sama sau ɗaya yake rabuwa da ƙasa. Mai mota kuwa a hankali ake zare masa ita. Mun bar Kano da la'asar, gero da dawa sun yi tsayi dama da hagu, yara suna ɗaga dafaffiyar gyaɗa da masara a Kwanar Ɗangora. A Zariya muka yi magariba, har yanzu ko'ina Hausa. Bayan Kaduna allunan Hausa suka fara ƙaranci. Cikin dare muka haye Kwara wajen Lakwaja, kogin da kakanninmu suke hayewa da kwalekwale, mu ko ganinsa ba mu yi ba sai ƙarar gada. Da gari ya waye masu talla da Yarabanci suke kiranmu. Daga nan Hausa ta koma inda muka saba ganinta, wajen mai shayi, da mai tsire, da mai canjin kuɗi a bakin iyaka. A Seme muka canza ragowar nairarmu, kowa ya ɓoye takarda ɗaya a cikin fasfo ba tare da ya gaya wa ɗan'uwansa ba, sai daga baya muka gane dukkanmu mun yi. Da muka shiga Togo aka ce a mai da agogo baya da sa'a ɗaya. Wayoyi suka gyara kansu. Agogon hannun ɗayanmu kuwa ya fi mako biyu yana kan lokacin Kano, in ya duba sai ya ce yanzu an kira azahar a unguwar gwaggo.

Abin mamaki, da muka ƙetare Aflao muka ji jami'i ya yi mana maraba da irin Turancinmu, muka sayi wake da shinkafa a ganye da sidinmu ba tare da lissafin canji ba, wani sanyi ya sauka a zuciyarmu. Gida gida ne. Nan aka binne cibiyarmu, nan iyayenmu suke kwance, nan yaran da muke koyarwa suke jiranmu. Ba mu da niyyar ƙaura, kuma duk wanda ya ce mu baƙi ne a ƙasar nan sai ya fara karanta tarihin Salaga. Amma daɗin isowar bai kori kewar ba, tare suka shigo mota suka zauna. A dā mun ɗauka in mutum yana kewar wani wuri to bai gamsu da inda yake ba ne. Yanzu mun ga ba haka ba ne, domin gwaggo Bakanuwa ce ta sosai, da 'ya'ya tara da jikoki fiye da talatin, ba abin da zai raba ta da Kano, kuma ba daren da ba ta tuna Kumasi.

Muka yi ta tunanin mutanen dā da wannan hali ya sama, a lokacin da ba waya ba mota. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Karachi ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya zauna ma yau yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, tun bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Irinsa dubbai ne waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, suka fito da niyyar shekara ɗaya suka ƙare da kabari a nan. Kalmar zango kanta ai masaukin ayari take nufi, inda ake sauke kaya a kwana a tashi. Mu ne ayarin da bai tashi ba. Watakila shi ya sa tsofaffinmu suke manne wa rediyo in ana labarin Kano ko Katsina ko Sakkwato, garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba.

Da aka koma makaranta a watan Satumba yara suka ce Malam, a ba mu labarin Nijeriya. Muka zana musu taswira a allo, muka ja layi daga Kano zuwa Salaga, muka ja wani daga Kumasi ta bakin teku zuwa Kano. Muka tambaya, wa ke da dangi a can? Hannu fiye da goma ya tashi. Wa ya san sunan unguwarsu? Hannu biyu ya rage. Muka ba su aikin gida, kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu tun yana da rai, ya rubuto sunan gari da unguwa da sunan wanda ya fara zuwa. Wasu iyayen sun aiko da godiya, wani uba ɗaya kuwa ya aiko a gaya mana kada mu tono abin da zai sa a ce 'ya'yansa ba 'yan ƙasa ba ne. Ba mu ga laifinsa ba, shi ma 1969 ce ba ta sake shi ba.

Yanzu kusan kowace Jumma'a gwaggo tana aiko da saƙon murya ta wayar jikarta, rabi Hausa rabi Asante. Mun fara tara kuɗi don mu kawo ta ta jirgi, ko da na mako biyu ne, in gwiwoyinta sun yarda, an kuma sama mata fasfo. Kafin nan ta ba mu aiki, ta ce mu je mu ɗauko mata hoton gidan da aka haife ta, da mangwaron. Mun je ranar wata Asabar, muka bi kwatancenta daga masallaci, kwana ta biyu hannun hagu. Mun sami wurin. Bene ne mai hawa uku, ƙasansa shagunan sayar da waya, tsakar gidan an malale ta da siminti. Wani tsoho a maƙwabta ya ce ya tuna mangwaron, an sare shi tun zamanin Rawlings. Mun ɗauki hoton benen, yana nan cikin waya, yau mako shida ke nan ba mu tura mata ba.